Hedset ɗina ya shekara tara: in sayi sabo ko in ci gaba da lallaɓa shi?

Mai 172:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don na kai mako uku ina juya maganar nan a raina, har maiɗakina ta ce ta gaji da ganin hotunan hedset a wayata.

Hedset ɗin da nake amfani da shi a jirgin sama, wato abin sawa a kunne don jin rediyo da kāre kunne, mai kashe ƙara ne, irin wanda ake sa wa batir biyu, kuma bana shekararsa tara a hannuna. Ba zan ambaci kamfanin ba, don ban zo ɓata kowa ba, kuma tsakani da Allah ya yi mini aiki. Ƙaramin jirgi Cessna 172 nake tuƙawa, sha'awa ce kawai, awa 50 zuwa 60 a shekara in hali ya yi. To tun wajen wata shida da suka wuce nake jin rurin inji yana shigo mini fiye da da, musamman ta kunnen hagu. Wajen tashi, da na tura totur gaba ɗaya sai in ji wani bugu a cikin kunnen, bub-bub-bub, sai na daidaita a sama yake lafawa. In na yi tafiyar awa biyu da ciwon kai nake saukowa. Batir ma ya daina jimawa.

Makon jiya wani abokina ya ɗora mini Bose A30 ɗinsa a ka, muna tsaye a ƙasa, inji a kashe. Na ji tsit kamar an kulle ni a ɗaki. Tun ranar raina ya biya. Sai dai kuɗinsa zai saya mini awoyi masu yawa a sama, shi ya sa nake ja da baya. Waɗanda suka canza daga tsohon mai kashe ƙara zuwa sabo, don Allah ku gaya mini gaskiya: bambancin ya kai a kashe kuɗin?

Mai Son Sabo:

Wa alaikumus salam. Malam, saya kawai, kada ka tsaya dogon lissafi. Ni A30 ne a kaina yanzu, ranar da na fara tashi da shi har duba agogon inji na yi, na zaci ya mutu. Kunne ba shi da sifeya.

Malamin Tuƙi:

Mai Son Sabo, kafin A30 ɗin me kake sawa?

Mai Son Sabo:

David Clark H10-13.4, koren nan. Shi na yi karatu da shi.

Malamin Tuƙi:

To ka ga inda maganar take. Naka na toshe kunne ne zalla, babu batir babu komai, ka yi tsalle daga nan zuwa mai kashe ƙara, dole ka ji kamar an sake maka duniya. Shi kuwa mai tambaya ya riga ya yi wannan tsallen tun shekara tara da suka wuce. Abin da ke gabansa ɗan taki ne, kuma sai mun san girman takin kafin mu ce masa ya buɗe aljihu.

Injiniyar Rediyo:

Malam Mai 172, tambaya biyu zan yi maka kafin in ce komai. Yaushe rabonka da canza soson kunnen? Sannan ka canza tabarau ko hula a 'yan watannin nan?

Ga dalilin tambayar. Hedset mai kashe ƙara hanya biyu yake bi ya kāre kunne. Ta farko ita ce ta gargajiya: ƙoƙon kunnen da sosonsa su rufe kunne ruf, su tare sauti. Wannan hanyar ta fi ƙarfi a kan sirirın sauti mai kaifi, kamar shuuu ɗin iska a jikin gilashi. Ta biyu ita ce ta lantarki. Akwai ɗan ƙaramin makirfo a cikin ƙoƙon, sababbi ma har da wani a waje, yana sauraron ƙarar da ta shigo, sai na'urar ta sa lasifikar ta fitar da kishiyar wannan ƙarar, inda waccan ta tura iska ita ta ja, sai su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Wannan kuma a kan ruri mai kauri take da ƙarfi.

Ɗauki jirginka. Farfela mai fiffike biyu, tana juyi 2400 a minti, wato 40 a daƙiƙa, sau biyu ya zama bugu 80 a daƙiƙa. Injin mai silinda huɗu shi ma sau biyu yake tashi a kowane juyi, wani 80 ɗin ke nan. Sauti mai 80 Hz, wato bugu 80 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya haura mita huɗu, soso ba ya iya tare shi sosai, amma lantarki yana cimmasa cikin sauƙi don a hankali yake sauyawa. Na 4000 Hz kuwa bai kai santimita tara ba, kafin na'urar ta shirya kishiyarsa ya wuce, sai dai soso.

Amma hanyar lantarkin nan ta dogara ne da ɗakin da soson ya rufe. Da zarar an samu kafa, ko ta kaurin fensir ce, sai na'urar ta shiga kokawa da ƙarar da ba ta ƙarewa, ta tura lasifikar har iyakarta. Bugun da kake ji wajen tashi ke nan, kuma kokawar ce take shanye maka batir. Duk alamomi ukun da ka lissafa, a wurina abu ɗaya suke nunawa.

Mai 172:

Injiniya, kin kama ni. Sau ɗaya na taɓa canza soson, shekara huɗu ko biyar ke nan. Yanzu na ɗauko shi ina dubawa: fatar da ke lulluɓe da shi ta fara ɓarewa, har ga baƙin ɓarɓashi a yatsana, kuma in na danna na hagun ba ya tasowa, ya kwanta kamar tsohuwar katifa. Tabarau kuma, to, na sayi wani sabo mai faɗin hannu wajen wata shida da suka wuce.

Malamin Tuƙi:

Wata shida da wata shida. Shari'a ta ƙare, Injiniya a ba ki kujerar alƙali.

Injiniyar Rediyo:

Ba ta ƙare ba tukuna, amma a fara daga nan. Littafin da Bose ke haɗowa da A20 cewa ya yi a canza soso duk wata shida ko bayan awa 350 na amfani. Kowane kamfani da nasa ƙa'idar, kuma mai tashi awa 60 a shekara ba lallai ya bi wata shidan ba, amma shekara biyar ta yi yawa ko a wurin wa. Gumi da zafin rana suna cin fatar ko ana amfani da shi ko yana ajiye a jaka. Ka sayi soso na asali na samfurinka, ka haɗa da soson makirfo da na tsakar ka. Ka duba gidan batir ko wani ya taɓa zubar da farin gari a kan ƙarafan. Gobe in ka tashi, ka cire tabarau na minti ɗaya ka danna ƙoƙon hagu da tafin hannu. In bugun ya ɗauke, ka samu amsarka.

Tsohon Kyaftin:

Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara talatin da 'yan kai a sama, goman farko a jirage masu farfela biyu, kuma a lokacin abin da muke ɗorawa a kunne don jin rediyo ne kawai, kāriya ba ta cikin lissafi. Muna yara, muna ganin ragwanci ne mutum ya cusa abin toshe kunne yana zagayen duba jirgi alhali injin wani yana ruri kusa da shi. Yau ga sakamakon. Dare da rana akwai wani siririn ƙugi a kunnena, kamar gyare ya shige ciki ya ƙi fita. In jikokina suka taru suna magana a lokaci guda, bakinsu nake kallo. Muryar namiji babba ina ji, ta yara da mata ce take kuɓuce mini. Don haka duk wanda ya ce a kashe kuɗi a kan kunne, ina bayansa.

Amma ina da ƙorafi ɗaya a kan na'urorin nan na zamani, kuma zan faɗa ko za ku ce tsufa ne. Mu da kunne muka san inji. Kafin allura ta motsa, kunne ya riga ya gaya maka wata silinda ba ta jin daɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. To yanzu an zo ana gasar wa ya fi wani shiru, kowane sabon samfuri sai a ce ya fi na baya kashe ƙara. Ina tsoron ranar da yaro zai zauna cikin wannan tsit ɗin yana sauraron waƙa ta Bluetooth, inji yana kuka bai sani ba.

Injiniyar Rediyo:

Baba Kyaftin, Allah ya ƙara lafiya. Tsoronka yana da tushe, ita kanta FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta fitar da sanarwa a 2007 tana jan hankalin masu jirage su tabbatar irin waɗannan hedset ɗin ba sa ɓoye ƙararrawar gargaɗi da sauran sautukan da ya kamata matuƙi ya ji. Amma da izininka zan ɗan saɓa maka. Abin da na'urar ke kashewa shi ne rurin da ba ya canzawa. Shi wannan rurin ne ma yake danne ƙananan sautuka. In aka janye shi, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ko tangal-tangal ɗin inji in filogi ɗaya ya daina wuta, sukan fi fitowa fili. A 172 irin na mai tambaya, ƙahon da ke gargaɗin fiffike zai daina ɗaukar jirgi ba ta rediyo yake zuwa ba, iska ce take busa shi a can saman kusurwar hagu ta gilashin gaba, kuma sautinsa siriri ne, ba inda lantarkin ke da ƙarfi ba. Abin da ya wajaba shi ne duk wanda ya sa sabon hedset ya sake koyon muryar jirginsa da shi: ya saurara wajen gwajin magneto, na'urar da ke ba filogin inji wuta, a ƙasa, ya hau sama tare da malami ya sa ƙahon ya yi kuka ya tabbatar yana ji.

Maganar waƙa kuma ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Tsohon Kyaftin:

'Yata, na karɓi rabin maganarki. Ɗaya rabin sai na hau na ji da kunnena, abin da ya rage daga cikinsa.

Likitan Matuƙa:

Kyaftin, ranka ya daɗe, abin da ka kwatanta shi muke gani a takardar gwajin ji kullum. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Ma'aunin NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa 8 a rana, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Cikin ƙaramin jirgi mai fistan ƙarar takan wuce 85 ɗin a tafiya, wajen tashi kuwa ta fi haka nesa.

Ga abin da nake so matuƙa su riƙe. Ɓarnar ƙara takan fara ne a wajen 4000 Hz. Ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta gwajin lafiyar matuƙa mai aji na ɗaya kuwa tana duba 500 da 1000 da 2000 Hz, inda ba a so rashin ji ya wuce desibel 35, sai 3000 Hz inda iyakar take 50. Wato kana iya cin gwajinka lafiya lau, ka fito kana murna, alhali ɓarna ta riga ta fara a saman inda ƙa'idar ta tsaya. Malam Mai 172, tunda ka ce kunnen hagu, kuma wata shida kana tashi da soso a buɗe, ka je a yi maka cikakken gwajin ji har zuwa 8000 Hz, ka ajiye takardar don kwatantawa nan gaba.

Wani amfanin mai kashe ƙara da ba a cika faɗa ba: mai hedset na toshiya yakan ƙure muryar rediyo don ta rinjayi ruri, sai ya zama da hannunsa yake zuba wa kunnensa wata ƙarar. In rurin ya ragu, kai da kanka za ka rage rediyon.

Ɗalibi Awa 30:

Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni na makaranta nake ara, duk wanda na samu a kan ƙusa. Ina tara kuɗin nawa, amma waɗannan da kuke ambata linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. In sayi na toshiya yanzu, ko in jira?

Malamin Tuƙi:

Ƙanena, in tuƙi zai zama sana'arka, ka nemi mai kashe ƙara ko na hannu ne, ka sa masa sabon soso. In ba hali, H10-13.4 ba abin kunya ba ne, yana rage desibel 23 a ma'auninsa, ba ya neman batir, kuma ya yi suna wajen juriya. Ka haɗa da 'yan abin toshe kunne na soso a ƙarƙashinsa. In ka samu babba daga baya, wannan ya zama na fasinja. Abu ɗaya: in za ka sayi na hannu, ka tabbatar kamfanin yana nan yana sayar da kayan gyaransa. Sennheiser sun yi hedset masu kyau, amma sun fita daga harkar hedset ɗin matuƙa tun 2016.

Bari in koma kan tambayar asali, don ni na yi irin canjin da ake magana. Awa biyar zuwa shida nake yi a sama a rana mai kyau, ɗalibi ya sauka wani ya hau. Na yi shekaru da A20, wanda ya fito a 2010, yanzu kuma ina da A30, wanda ya fito a 2023. A wajen shiru, in aka rufe mini ido aka ɗora mini su ɗaya bayan ɗaya a cikin jirgi, ba zan yi rantsuwa a kan wanne ne wanne ba. Inda na ga bambanci shi ne zama a ka. Kamfanin ya ce ya rage matsin sabon da kashi 20 cikin ɗari, kuma ni na ji hakan: a da in yamma ta yi gefen muƙamuƙina yana tsami, yanzu babu. Yana da matakan kashe ƙara uku, ni dai a na sama nake barinsa, sauran biyun sun fi amfanar masu jet. Kana iya ƙwanƙwasa ƙoƙo ɗaya sau biyu ya buɗe maka wannan kunnen ka ji mai magana a waje. Makirfon da wayar kuma ana mayar da su ɗaya gefen ba tare da sukudireba ba, wanda ya yi mini amfani don yau ina kujerar dama gobe ina ta hagu. Batir biyu ƙanana, wajen awa 45, duk kusan ɗaya ne da tsohon.

To ga mai awa shida a rana, ragin matsin nan kaɗai ya biya kuɗinsa. Ga mai awa 60 a shekara, wanda tafiyarsa ba ta cika wuce awa biyu ba? Ni ba zan ce masa ya saya ba. Kuma kawuna ba ɗaya ba ne. Ina da abokin aiki mai faɗin kai da manyan kunnuwa, shi Lightspeed Zulu 3 ne kawai yake zauna masa daidai don ƙoƙonsa ya fi zurfi a wurinsa, ga garantin shekara bakwai, na Bose biyar. Gwajin minti biyu a ƙasa inji a kashe, irin wanda aka yi wa Mai 172, ba gwaji ba ne. Malam Mai 172, ka ari na abokin naka ka yi awa biyu da shi, da tabaraunka da hularka.

Mai Son Sabo:

Na yarda ban kwatanta daidai ba. Amma ba wanda ya yi maganar Bluetooth sai don a zage shi. Ni manhajar taswira da ke kan iPad ɗina ta cikinsa take gaya mini akwai jirgi kusa, ko na doshi titin da ba nawa ba. In hasumiyar filin jirgi ta yi magana kuma shi da kansa yake danne sautin. Wannan ai tsaro ne. In tsohon hedset ɗin Malam ba shi da shi, dalili ne.

Mai 172:

Yana da shi, sai dai na kiran waya ne kawai, ba ya ɗaukar sautin manhaja. Akwai ramin waya a jikin akwatin batir ɗin, da ita nake haɗawa. Waya ɗaya ce ta ƙaru a cinya, ba ta dame ni ba.

Mai Saukar Ungulu:

Ni gargaɗi ɗaya na kawo, don na ga wanda ya yi asara. Kafin ka biya, ka duba filogi. Ƙananan jirage irin 172 filogi biyu ne, mai kauri na kunne da siririn na makirfo. Wasu sababbin jirage suna da LEMO mai fil shida, wanda ke ba hedset wuta daga jirgi, ka huta da batir. Mu masu helikwafta guda ɗaya ne gajere, U-174. Masu Airbus kuma XLR mai fil biyar. Akwai adafta, amma kowace adafta wani wurin lalacewa ne ka ƙara wa kanka.

Sannan duk mai irin wannan hedset ya taɓa kashe shi da gangan a sama ya ji yadda yake. Yawancinsu in batir ya mutu ba su kai koren David Clark tare ƙara ba, don an rage musu nauyi da matsi an dogara da lantarki. Rediyo zai ci gaba da aiki, amma rurin zai faɗo maka kamar an buɗe ƙofa. Batir biyu na ajiya su zauna a inda hannu zai kai, ba a jakar da ke bayan kujera ba.

Likitan Matuƙa:

Tunda Malam ya ambaci ciwon kai bayan awa biyu, ba zan bar wannan ta wuce ba. Mai yiwuwa ƙara ce da matsi. Amma ciwon kai a ƙaramin jirgi mai fistan, dole a kawo iskar kabon monoksaid cikin lissafi. Hitar irin waɗannan jiragen iska ce ake bi da ita ta jikin salansa ta ɗumama, in salansar ta tsage sai hayaƙi ya biyo ta zuwa cikin jirgi, kuma ita wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi. Kun tuna Emiliano Sala, ɗan ƙwallon Ajantina da jirginsu Piper Malibu ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019? Masu binciken Birtaniya sun samu gubar ta kama kashi 58 cikin ɗari na sinadarin jininsa mai ɗaukar iskar shaƙa. Malam, me kake da shi a jirgin na gano ta?

Mai 172:

Ɗan katin nan mai ɗigo a tsakiya da ake mannawa, wanda ke yin baƙi. Gaskiya ban san shekarunsa ba, na same shi a jirgin.

Likitan Matuƙa:

Wannan ado ne. Suna da wa'adi, kuma ko sabo ne sai ka kalle shi, ba ya kiranka.

Mai Son Sabo:

To ga dalilin sayen sabo ya fito da kansa! Lightspeed Delta Zulu, na 2022, da na'urar gano iskar a jikinsa, yana gaya maka a kunne. Har gwajin ji yake yi maka ta manhaja ya daidaita sauti da kunnenka. Baba Kyaftin, wannan naka ne.

Injiniyar Rediyo:

Dabara ce mai kyau, ban musa ba, kuma in mutum zai sayi sabo dama, abin dubawa ne. Amma na'urar gano iskar mai ƙara da kanta, wadda ake maƙalawa a gaban matuƙi, ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin hedset. Kada a sayi doki don ana son linzami. Kuma Malam, ka sa makanikinku ya buɗe rigar salansar ya duba kafin tashi na gaba, wannan ba ya jiran muhawararmu.

Ɗalibi, kai kuma da kake hangen aikin kamfani: wasu kamfanonin jirage ba sa yarda da hedset sai mai shaidar TSO, wato ya cika ƙa'idar FAA ta C139. A20 da A30 suna da ita. Ba kowane sanannen hedset ne yake da ita ba, ka karanta jikin kwalin. Mai tashi don sha'awa ba ruwansa da wannan a yawancin wurare.

Tsohon Kyaftin:

Ina karatu ina dariya. A Disambar 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya a jirgin Voyager, kwana tara ba sauka ba shan mai, da samfurin gwaji na Bose a kunnensu. Muna jin labarin kamar tatsuniya. Sai a 1989 aka fara sayar da shi. Yau ga yara suna gardama a kan wanne ya fi daɗi a ka.

Mai 172:

Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu.

Makaniki ya buɗe salansa, lafiyarta ƙalau, alhamdu lillahi. Duk da haka na sayi na'urar mai ƙara, na ɓamɓare katin na jefar. Soso ya iso, na canza duka, na koma tsohon tabarauna mai siririn hannu. Injiniya, Allah ya saka da alheri: bugun nan ya ɓace ɓat, har na rage muryar rediyo daga inda na saba ajiye ta. Na ari A30 ɗin abokina na yi awa biyu da kwata da shi, washegari na bi hanya ɗaya da nawa. Nasa ya fi daɗi a tsakar ka, muryar hasumiya ta ɗan fi fitowa tas. Shiru kuwa, kamar yadda Malamin Tuƙi ya ce, sai na yi da gaske nake jin bambanci.

Likita, na yi gwajin. Kunnen hagu ya ɗan faɗa a 4000, na dama lafiya. An ce in dawo bayan shekara.

Na so in rufe maganar a nan, sai maiɗakina ta tambaye ni, wai shi wancan tsohon na toshiya da nake ba ta in za mu tashi tare, yaushe aka canza masa nasa soson? Ban da amsa. Shekara tara tana zaune a gefena cikin rurin da ni na tsere wa, tana saukowa da shatin matsi a kumatu, ban taɓa sa shi a kaina na ji abin da take ji ba.

Malamin Tuƙi:

To ashe sayen sabo bai faɗi ba. Wa zai sa sabon, wa zai sa tsohon?

Mai 172:

Ta ce tunda ni na ce da bakina bambancin ba shi da yawa, in riƙe nawa.

Ɗalibi Awa 30:

Yaya, in haka ne, na toshiyar da za ta ajiye fa? Filogi biyu ne?